Rasuwar Kwamfutar da Kujerun Kafinta Suka Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, kafintan bakin layi yake sanar da rasuwar kwamfutar 'yarsa ta fari, ranar Litinin da rana tsaka, kwamfutar tana da shekara tara.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. Madanninta uku sun fita, murfinta da tef yake riƙe, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba. A kanta yarinyar ta yi shekara biyu tana gina wasan kwamfuta, wanda za ta nuna wa masu ɗaukar aiki ranar Alhamis.

Ga yadda ciwon ajali ya zo, ba rufa-rufa. Yarinya ta ɗauki hoton kujerar da ubanta ya ƙera ta sa a wasan, guda ɗari biyar cikin zaure ɗaya. Ta yi masa bayani cewa komai a ciki saƙar raga ne, kuma yawan idon raga shi ne nauyin da injin ke ɗauka. Saboda haka ta rage wa kujerun nesa ado, ta cire ƙasansu da ba mai gani.

Kafinta ya ce ha'inci ne. Shekara talatin yana goge ƙasan kujera kamar samanta, ba za a fara algus da aikinsa a gidansa ba. Ta lallashe shi, uwarta ta sa baki, ya kafe. 'Yar halak ta mayar da kowace ƙusa da kowane zanen katako, sau ɗari biyar.

Marigayiya ta yi ƙoƙari. Fankarta ta ce fuuu, ta koma ƙirrr, hoto ya riƙa tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Sai ɗif, sai ƙauri. Kafinta yana tsaye a kanta, hannu a ƙugu.

Ta rasu ta bar caja mai ɗauri biyu, da jakar da zif ɗinta ya mutu, da yarinyar da har yau take gaida ubanta da ladabi. Da ta yi masa tsiwa da ya fi sauƙi.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi zuwa shagon mai gyara, a ciro ma'ajiyarta, ko aikin yana da sauran numfashi. Zaman makoki a ƙofar shagon kafinta ne. Kada a kawo abinci. Mai kwamfutar da zai iya ba da aro zuwa Alhamis ya taho da ita. Kafinta bai taɓa roƙon kowa komai a layin nan ba. Yau yana roƙo.