Wandon da Ba Shi da Laifi

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin nan na Yendi, inda na miƙe a gaban surukaina na yi wa wando wa'azi.

'Yata Nafisa tana shekara bakwai jikinta ya fara nuna alamun girma irin na 'yan mata. Yara suka sa ta gaba da tsokana har ta ƙi zuwa makaranta. Hankalina ya tashi, na bar doyata a kasuwar Salaga na kai ta asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ta ce ba su ga wata cuta ba, kuma akwai allurar da ke jinkirta abin. Na ce to me ya kawo shi? Sai ta zubo Turanci. (Nawa Turancin bai wuce na ciniki da direbobin Kumasi ba, amma girman kai ya hana ni cewa ban gane ba.) Kalma ɗaya na cafke. Ta ce wani lokaci ba a sanin dalili, wani lokaci kuma "jins" ne.

Jins! Ai kuwa ƙanin matata Sule, ɗan kasuwar Bawku, shi ke kawo wa Nafisa wandunan jins duk Sallah. Ina isa gida na tattara su na kulle a akwati. Nafisa na kuka, uwarta na cewa, "Malam, anya ka ji daidai?" Na ce, "Ke kika je asibitin ko ni?"

A wurin bikin, dangina da na matata an cika tsakar gida, sai na hango Sule yana raba wa yara tsaraba. Na gyara babbar riga, na yi gyaran murya.

"Jama'a, duk mai 'ya mace ya raba ta da jins. Likita ce ta faɗa mini da bakinta. Yana matse jiki ya jawo girma tun lokaci bai yi ba." (Matsewar ni na ƙara, don maganar ta yi nauyi.)

Sule ya dube ni, sai ya durƙushe yana dariya har da hawaye. "Yaya, ka kashe ni! Jins na likita ba wando ba ne fa. Gado ne, abin da yaro yake ɗaukowa a jini, wurin uwa ko uba."

Mai hankali da nan zai zauna. Ni kuwa sai na ce, "To, jinin Bawku ke nan, na gidan su matata!"

Daga cikin mata yayata Hajara ta ɗaga murya. "Zauna, ƙanena. Ni ma haka na yi, Goggo Ladi ma haka. Na gidanmu ne. Don kai namiji ne ba a gaya maka ba."

Wallahi na rasa inda zan sa fuskata. Ina neman kujera sai na ji an ja hannun rigata. Nafisa ce.

"Baba, ashe ba ni na jawo ba?"

Nan kunya ta koma ciwo. Ashe tun ranar da na kulle akwatin nan yarinyar ta ɗauka laifinta ne, don ita ke son wandon. Na ce, "Ba ke ba ce, Uwata. Ba laifin kowa ba ne." Hajara ta jawo ta jikinta tana cewa, "Dube ni da kyau, me ya same ni?"

Muna komawa Salaga na buɗe akwatin, ita kuma ta koma makaranta. Har yau Sule "Alhaji Jins" yake kirana, kuma amsawa nake. Yanzu in likita ta yi magana nakan ce ta maimaita da Hausa, domin na gane jins ɗin da nake farauta a akwatin yarinya, a jikina yake tun ranar da aka haife ni.