Angon Tafasa

Zaman gwauro da wuya. Da na yi jinya ni kaɗai a Gusau, kwaɗon tafasa ne ya tashe ni. A da ko warinsa ba na so, amma da ƙarfi ya dawo, sai bakina ya bi jikina.

Da za ni zance wurin wata bazawara a Bungudu, na wuce mai tsire ina taƙama, na kai mata ƙunshin tafasa.

Ta buɗe, ta miƙo mini kayana. "Malam, wurina ka zo ko wurin akuyata?"

Nan maganar aure ta mutu. Har yau 'yan tasha Angon Tafasa suke kirana.

Washegari na kwaɗa abata da ƙuli, na ci a bakin ƙofa. Ta yi daɗi kuwa.