Ƙyauren Malam Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi korar ɗan haya da hannuna ba.

Ina da gida a Ƙofar Rini, wani malamin firamare, Malam Yohanna, yake ciki da iyalinsa. Bai yi mini komai ba. Ɗana ne zai yi aure, ina son in sa shi a gidan. Na je wurin lauya, na zayyana masa komai. Ya ce tunda hayar shekara ce, sai na ba da notis na wata shida, in bai tashi ba a je kotu.

Na ce, "Barista, gidana ne fa."

Ya ce, "Naka ne, Alhaji. Amma kada ka taɓa masa ko ƙusa."

Na fito raina a ɓace. (Ni a sanina, lauyan da ka ɗauka bayanka yake bi.) A majalisarmu aka ba ni shawarar da ta fi kwanta mini: in cire ƙyauren gidan, mai kunya da kansa zai kwashe kaya.

Ranar Asabar na ɗauki kafinta muka tafi. Na sha kunu tun daga mota. Ƙyauren na faɗuwa ƙasa, sai ga Malam Yohanna ya fito da buta a hannu. Ya dubi ƙyaure, ya dube ni, ya rusuna.

"Alhaji, Allah shi saka da alheri. Gara ta gama cinye shi, nauyin gaya maka nake ji."

Matarsa ta kawo mini ruwan sanyi. Maƙwabta suka taru. Limamin unguwa, da ya zo wucewa, ya riƙe hannuna ya ce a zamanin nan masu gida irina sun yi ƙaranci, ya ɗaga hannu aka yi mini addu'a. Har ni na shafa.

Kafinta, wanda ya san abin da ya kawo mu, ya tambaya a gaban kowa, "Alhaji, na katako za a sa ko na ƙarfe?"

Na ce na ƙarfe.

Malam Yohanna na nan har yau. Ɗana kuwa haya yake a Kwalkwalawa. Abin da na koya shi ne, in za ka yi rashin mutunci, ka fara sanar da mutane cewa shi ka zo yi.