Yaƙin Sagiru da Famfon Kawu

A saurara ga labarin Sagiru ɗan Ilu, jikan Maikano mai gyaran rediyo, Sarkin Barci, Dodon Katifa, wanda ya bar makaranta a aji huɗu saboda ilimi ya yi masa yawa.

Kowace asuba Kawu Tanimu kan tura shi gonarsa da ke Kadawa ya kunna famfon ban ruwan tumatir, tafiyar da ta fi masa kowace azaba zafi. Sai ya yi alwashi a bainar jama'a cewa zai haɗa wani ɗan allon lantarki da zai riƙa kunna famfon da kansa. Kawu ya ce, "In ya yi aiki kafin Juma'a, na 'yanta ka."

Gwarzo ya zare laftof mai tsagaggen gilashi, ya rubuta manhaja, ya miƙa ta ga kompaila, wato mai juya rubutu zuwa abin da na'ura ke ganewa, ya ɗora a allon, ya yi kururuwa: "Yau za a san maza!"

Allo ya yi shiru.

Kwana uku ana gumurzu. Ya sake waya, ya hura soket, ya zargi rana, ya zargi maƙiya, har yayarsa Rahinatu, ɗalibar kwamfuta, ta leƙo da kofin koko a hannu.

"Kai, sarkin yaƙi, ka gaya wa kompaila irin ƙwaƙwalwar allon?"

"Yaya, ai ya kamata ya sani."

"Duba yake yi? Laftof ɗinka ka gina wa manhajar, ba allon ba."

Ya ƙara umarnin, ya kai hari na biyu. Sai linka, mai ɗinke sassan manhaja, ya kwaso kayan laftof ya cusa maimakon na allon, komai ya rushe. Da gindin cokalin kokonta Rahinatu ta nuna masa inda kayan allon suke a cikin laftof ɗin. Gyaran layi biyu ne kacal. Tarihi dai ya rubuta cewa shi ya gano.

Ranar Alhamis famfo ya yi gurnani ba hannun kowa, ruwa ya malala cikin kunyoyi, Sagiru ya ɗaga hannu sama yana amsar mubaya'ar tumatir.

Kawu ya daɗe yana kallon allon.

"Madalla, ɗana. Amma abu mai daraja haka ba a barinsa ya kwana a gona. Ka riƙa dawo da shi gida da yamma, ka mai da shi da asuba."