Katangar da Ta Yi Sujada

Shekarar da ambaliya ta rushe masallacin Jajaye, ina hutu daga makarantar Midil ta Kano, na bi mutanenmu na Karaye aikin gayya. Aka ba ni katangar arewa. Na ƙare wa tubali kallo, na tabbata kakanninmu sun yi kuskure: tsininsa ƙasa ya kamata ya duba, kamar turke. Na jera shi hakan tsaf, har da zaren awo. Wa zai ja da almajirin Bature?

Muna cin tuwon gayya katangar ta yi ruku'u, ta zarce sujada.

Dagaci ya ce, "Ɗan boko, ta riga liman salla, amma ta kuskure alƙibla."

Har yau in na je Jajaye, bayan gaisuwa sai su ce, "Malam, Allah ya sa ba taimako ya kawo ka ba."