Tukunya Ɗaya, Maganata Biyu

Kakar bara ba zan taɓa mantawa da ita ba. Damina ta yi kyau, gero ya cika rumbuna, hankalin mutanen Kasuwar Daji ya ɗan kwanta, sai hidimomin da aka daɗe ana ɗagawa suka taso a tare.

Ina da wata babbar tukunya da kowa ke zuwa aro, ina kuma da baki da bai iya cewa a'a ba. Dije, maƙwabciyata da muke zama tabarma ɗaya a ajin yaƙi da jahilci, ta zo neman tukunyar don sunan jikarta ranar Juma'a. Na ce, "To, Allah ya kai mu." Sai ga Hajiya Luba, ƙanwar maigidana, ita ma walimar saukar ɗanta Juma'ar nan. Na ce, "To, Allah ya kai mu." (A raina wai ɗaya za ta ɗaga rana. Suna fa, jama'a.)

Allah kuwa ya kai mu. Suka haɗu a tsakar gidana, kowacce ta riƙe kunnen tukunya, ni ina kallon ƙasa. Luba ta tafi da ita. Dije ta yi ta fama da ƙananan tukwane har baƙinta suka fara hamma. Daga ranar ta daina amsa gaisuwata.

Ana nan Malama ta rubuta mana kalmar Turanci a allo, "ambiguous". Ta ce ita ce maganar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba, kowa ya ji sai ya ɗauke ta yadda yake so.

"Wa za ta ba mu misali?"

Dije ta ɗaga hannu. "Malama, ba sai an tahi nesa ba. Ga ta nan zamne kusa gare ni da shuɗin hijabi."

Aji ya kwashe da dariya. Na ja hijabin na rufe fuska, amma ta gefen ido na ga ita ma Dije tana dariya, sai na ji sanyi. A nan na gane kawaicin da nake taƙama da shi, wani ne ke shan wahalarsa.

Washegari na wanke tukunyar, na ɗora a ka, na yi sallama gidanta.

"Yaya Dije, ga ta nan don bikin ɗiyarki bayan salla. E nike ce miki, e."

Ta dube ni, ta dubi tukunya, ta gyara mini tabarma.

"To," in ji ta, "Allah ya kai mu."