Injiniya Babayo da Akushin Malam Jalo

Duk wanda ya ce Allah bai yi wa Bauchi baiwa ba, to bai taɓa bi ta Ƙofar Ran da hantsi ba. Can tsakanin mai faci da mai gawayi akwai wata rumfar kwano da aka rataya wa allo kusan girman ƙyaure: INJINIYA BABAYO, MASANIN KIMIYYAR KATAKO. A da dai Babayo kafinta ne, mai gyaran ƙafar benci. Amma tun da wata ƙungiya ta kai shi kwas na kwana tara a Jos, ya dawo da takardar shaida, da tabarau marar magani, da injin juya katako, sai kalmar kafinta ta zama zagi. Kira shi da ita ka ga yadda mutum ke zama kurma da rana tsaka.

Gaba da duk wannan akwai cizal, ƙarfen da ake fere katako da shi. Ba irin 'yan ƙananan da kuka saba gani ba, a'a. Wannan faɗinsa ya kai yatsu uku, an yanke bakinsa a karkace, gefe guda da dogon tsini. Injiniya ya raɗa masa suna Janar. Janar yana da tsummansa na kansa, ana shafa masa mai duk ranar Juma'a, gatan da uwargida ba ta taɓa gani ba.

Tsakani da Allah, cizal ɗin yana aiki. Idan aka ɗaura dogon katako, kamar ƙafar tebur ko taɓarya, inji na juyawa, sai ka ga ɓawon yana fita dogo-dogo kamar taliya, wurin ya yi sumul, ko samfefa ba ya nema. Yabon na maƙerin da ya ƙera shi ne, amma tun da maƙerin ba ya kusa, Injiniya ke karɓa a madadinsa.

"Jama'a," in ji shi ga masu keke da ke fakewa a inuwar rumfarsa, "matsalar ƙasar nan ƙananan kayan aiki ce. Ƙaramin cizal, ƙaramin tunani. Ni da Janar babu katakon da zai gagare mu, daga nan har Legas." Masu keke sai gyaɗa kai, don inuwa ba ta da yawa a layin.

Abin da Injiniya bai sani ba, a rana ta bakwai malamin kwas ya yi darasi guda: wannan cizal na dogon katako ne kawai, kada a kuskura a kai shi jikin akushi ko wani abu mai zurfi, domin tsinin zai cafke. A ranar kuwa Injiniya yana shagon mai hoto, ana ɗaukarsa rungume da Janar, sau huɗu, saboda hula ta ƙi zama.

Wata Talata sai ga Inna Hamsatu daga unguwar Ɗan Iya, tsohuwa, da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Ta kwance, sai ga akushi baƙi wuluk, ya sha hannu har yana ƙyalli. Na mahaifin mijinta ne, da akushin suka shigo gari lokacin da suka bar ruga. Mijin, Malam Jalo, ciwo ya kwantar da shi wata biyar, kuma duk duniya ba ya cin tuwo sai a wannan akushi. Bakin akushin ne ya ɗan ɓalle, har ya yanki tsohon a leɓe. Tun jiya bai sa komai a cikinsa ba, yana jira.

"Ɗana, ka ɗan goge mini wurin nan kawai," ta ce. "Ina so in kai masa kafin azahar."

Gogewa? Injiniya ya ji kamar an aiki gwamna sayen ashana. Ya gyara tabarau, ya dubi masu keke. "Inna, kin zo asibitin ƙwararru kina neman maganin gargajiya. Wannan akushi duk a karkace yake, waɗanda suka yi shi ba su san lissafi ba. Yau zai shiga zamani."

Baba Ɗanlarai, mai sassaƙa turmi a ƙarshen layin, wanda ya shekara arba'in yana riƙe da gizago, ya leƙo. "Babayo, samfefa kawai yake so. Sassaƙar hannu ce, ba ta zama daidai a inji. Kuma wannan ƙarfen naka ba na akushi ba ne."

"Kun ji ko?" Injiniya ya ɗaga murya. "Hassada ga mai rabo taki ce. Baba, da girmanka, a wace makaranta aka ba ka takarda? Ilimi ba furfura ba ne."

Baba Ɗanlarai ya koma kan turminsa. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Aka ɗaure gindin akushi a bakin inji, aka tada janareta. Akushi ya kama juyawa yana rawa kamar ƙafar keken da ta lanƙwashe. Inna Hamsatu ta miƙa hannu tana cewa ya bari, ƙarar janareta ta cinye muryarta. Injiniya ya naɗe hannun riga, ya warware Janar daga tsummansa, ya tsaya sai da ya tabbata kowa na kallo, sannan ya kai bakinsa jikin akushi. Ɓawo siriri ɗaya ya fita. Injiniya ya waiga don ya karɓi tafi.

Nan tsinin ya cafke. Kau! Janar ya ƙwace ya bugi kwanon rumfa, Injiniya ya zauna daɓas cikin garin katako, tabarau a kunne guda. Akushi kuwa ya rabu uku. Ɓari ɗaya a kan titi aka tsinto shi. Garin neman gira an rasa ido.

Kowa ya zuba wa Injiniya ido. Amma babban mutum ba ya rasa jawabi. Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "To, kun gani da idonku. Katakon ne ba shi da inganci. Da ma akwai tsaga a cikinsa, kimiyya ce ta tona." Ya ɗauki ƙaramin ɓarin yana nuna wa jama'a. "Ku taɓa nan, inda Janar ya bi. Kun taɓa jin santsi irin wannan?"

Ba wanda ya taɓa. Inna Hamsatu ta durƙusa ta tattara manyan ɓarin biyu, hawaye na zuba, don ba ta san da wane baki za ta gaya wa tsohon ba. Ta ƙulle su a mayafi. Injiniya ya miƙo mata na ukun.

Ta dube shi, ta dubi ɗan wurin mai santsi, wanda bai fi faɗin farce ba.

"Riƙe shi, ɗana," ta ce. "Ka rataya kusa da takardarka. Iyakar aikinka ke nan."